Tuwon dare a Tawa: yadda za ki sauke tukunya kafin magariba

Abincin dare a yawancin gidajen Tawa ba ya buƙatar zuwa kasuwa kullum. Hatsi, wake, shinkafa, kauɗa (busasshen tumatir), daudawa, garin kuka, busasshen guro, tattasan Diffa, tonka, gabu (busasshen ganyen albasa) da albasar Galmi duk kayan ajiya ne, suna daɗewa a ɗaki in an tsare su daga laima da ƙwari. Da waɗannan ake girkin da za a suɗe kwano, da su kuma ake yin wanda yara za su ture. Bambancin yana wurin sanin abin da ake fara azawa, da ba kowane abu lokacinsa a wuta. Ma'aunin da za a ambata na gida mai mutum 6 ne, kofin kuma shi ne wanda huɗunsa ke cika lita ɗaya.

Miya ake fara azawa, da an sallame la'asar, domin ruwan miya ya fi tuwo cin lokaci. Ki zuba ruwa lita 2 a tukunya, ki sa nama rabin kilo, gara mai ƙashi, da rabin albasa da gishiri kaɗan. Kafin ya tafasa ki jiƙa kauɗa cikin hannu ɗaya a ruwan ɗumi na minti 10, ki wanke ta sau biyu. Kauɗa a fili ake shanya ta, ƙura da yashi suna maƙale mata, mai gaggawa a nan ita ce ake tauna ƙasa a miyarta. Ki daka ta a turmi da daudawa ƙwaya 2, ragowar albasa, tattasai cokali 2, tonka gwargwadon bakin gidanki, citta da masoro kaɗan. In kina da wake, ki surfa cikin hannu ɗaya ki daka tare da su. Shi ke ba miyar jiki, ya kuma rufe asirin tukunya ranar da nama ya yi kaɗan. Ki juye dakan a kan naman, ki ƙara man gyaɗa ludayi ɗaya da gabu rabin cokali, ki rufe.

Wannan ruwan sai ya yi minti 45 zuwa awa ɗaya yana dahuwa. Hanci ne zai gaya miki ya yi: warin ɗanyar daudawa ya kwanta, ƙamshi ya tashi, mai ya taso sama ya yi ja, ruwan ya ragu zuwa lita ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Daudawar batso, wadda ake yi da ɗiyan yakuwa, tana da ƙarfin wari, saboda haka ki rage hannu in da ita za ki yi, kar kuma ki kuskura ki gajarta mata wuta. In kifi ne maimakon nama, irin bandar da ake samu daga tafkin Tabalak, ki jiƙa shi a ruwan zafi, ki cire ƙaya da kai, ki sa shi saura minti 15 a kaɗa. In ya shiga tun farko narkewa yake yi, sai ƙaya ta watsu a miya. Dunƙulen magi ɗaya ko biyu ya isa, a ƙarshe ake sa shi bayan an ɗanɗana, domin shi ma gishiri ne.

Yayin da miya ke dahuwa sai ki aza ruwan tuwo. Garin hatsi kilo ɗaya, wato kofi 7 zuwa 8, yana ɗaukar ruwa kusan lita 3. Garin da aka surfa hatsinsa, aka sheƙe dusa, aka wanke aka rege, shi ne ke ba da tuwo mai haske marar tsakuwa. Ko daga injin niƙa ya fito yanzun nan, ki tankaɗe shi da rariya, ki kuma baza shi ya huce, don gari mai zafi in aka ƙulle shi a leda gumi yake yi ya dunƙule.

Ki tafasa lita 2 da rabi. Ki dama gari kofi 2 a ruwan sanyi rabin lita har ya zama ba gudaji, ki zuba a tafasasshen ruwan kina juyawa da muciya. Wannan shi ne ruɗe, kuma a nan tuwo ke gyaruwa ko ya lalace. Ki rufe rabi, ki bar shi ya yi minti 15 yana ɓararraka, har ya yi sheƙi ya daina warin gari. Garin da za ki zuba daga baya ba zai samu wuta mai tsawo ba, saboda haka in ruɗe bai nuna ba, babu tuƙin da zai ceci tuwon: zai yi ɗanɗanon ɗanyen gari, ya saki ruwa a kwano, ya kuma kumbura wa mutane ciki. Wasu suna sa ruwan kanwa cokali ɗaya a ruɗen hatsi don ya yi laushi, wasu ruwan tsamiya don ya kwana lafiya. Duk wanda kika zaɓa, ɗaya za ki sa, kar ki haɗa su, suna kashe juna.

Da ruɗe ya nuna, ki ɗebi ludayi 2 ko 3 ki ajiye a kwano. Ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa gari cikin hannu ɗaya kina tuƙawa, ba za ki ƙara wani ba sai na farko ya ɓace. Muciya daga tsakiya take jawo tuwo ta matse shi a jikin tukunya, matsewar ce ke fasa gudaji. Wadda ta juye gari gaba ɗaya ta riga ta yi gudajin da ba ya fasuwa. In ya yi ƙarfin da muciya ke tsayuwa a ciki ba ta faɗi ba, ki mayar da ruɗen da kika ajiye, ki tuƙe ya yi santsi. Ki tsattsaga shi da muciya, ki yayyafa ruwa rabin kofi, ki rufe ya sulala minti 10 a wuta ƙasa-ƙasa. Ki sake tuƙawa sau ɗaya, ki kwashe da mara da kika tsoma a ruwa. Ki tuna tuwo yana ƙara tauri in ya huce, don haka ki sauke shi yana ɗan laushi fiye da yadda kike son ci.

Wata magana game da murhu. Ƙaramar butalin gaz ta kilo 6, mai kan girki a bisanta, tana da kyau ga miya da shinkafa, amma tuƙin tuwo a kanta haɗari ne. Tukunyar tana can sama, ba abin da ya riƙe ta, ruɗe kuma in ya zubo a ƙafa ya fi tafasasshen ruwa ƙuna saboda yana manne wa fata. Ki sauke tukunyar ƙasa ki tuƙa, ki danne ta da tsumma, sannan ki mayar ta sulala. A murhun itace ko gawayi kuwa, ki janye itacen kafin tuƙi ki bar garwashi, in ba haka ba gindin zai kama, ƙaurin ya bi tuwon duka.

Kaɗa miya shi ne aikin ƙarshe, minti 5 kawai yake ci, saboda haka ki yi shi lokacin da tuwo ke sulala. Ki tsame nama a kwano don maburgi ya samu wurin juyawa. Ki tankaɗe kuka cokali 4 zuwa 5, ki rage wuta sosai, ki riƙa barbaɗawa da hannun hagu kina burgawa da na dama. Ki dakata tun miyar tana da ɗan ruwa-ruwa, domin kuka tana ci gaba da kauri bayan an daina zubawa. Ki mayar da nama, ta yi minti 3 zuwa 5 a buɗe, ki sauke. Miyar kuka mai ɗaci ko baƙi, ɗayan uku ne: an cika mata gari, ko ta daɗe tana tafasa bayan kaɗi, ko kukar tsohuwa ce. Kuka mai kyau koriya ce shar, wadda aka shanya a inuwa. In kin ga ta koma ruwan ƙasa, rana ta ci ta ko ta kwana biyu a kasuwa, kar ki saya. Man shanu cokali ɗaya a kan miyar kowa lokacin ci ya fi a juye shi a tukunya, inda ƙamshinsa ke bin tururi.

Da wannan ruwan miyar ake kaɗa busasshen guro, cokali 5 zuwa 6, sai dai ki rage kauɗa zuwa rabi, ki ɗiga ruwan kanwa kaɗan, kar kuma ki rufe tukunya. Tsamin tumatir yana tsinka yauƙi, kanwa tana tayar da shi. Miyar ganyen malohiya ma haka take.

Ranar da ba ƙarfin tuƙi, shinkafa da wake ita ce mafita, tukunya ɗaya ce kuma ko ɗalibi mai zaman haya zai iya. Wake kofi 2, shinkafa kofi 4. Ki tsince waken, ki zubar da wanda ya taso saman ruwa, ƙwaro ya cinye cikinsa. Ki aza shi a ruwa kofi 10 da kanwa kamar girman ƙwayar wake, ba fiye ba. Kanwa in ta yi yawa abincin yana yin jajawur, waken ya fashe, ɗanɗano ya koma na sabulu, ciki kuma ya ɗauka. Bayan minti 25 zuwa 35 ki matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu: in ta fashe amma tsakiyarta da sauran ƙarfi, lokacin shinkafa ya yi. Sabon wake na kaka ya fi saurin nuna, wanda ya shekara a rumbu sai an jiƙa shi tun hantsi. Ki wanke shinkafa har ruwan ya yi haske, ki zuba, ki sa gishiri. Ruwan ya haura abincin da gaɓar yatsa ɗaya, in ya fi haka ki rage, in bai kai ba ki ƙara mai zafi. Ruwan sanyi a tsakiyar dahuwa yana sa shinkafa ta yi biyu, wata ta caɓe wata tana tsatstsaye. Da ruwan ya tsotse ki rage wuta, ki rufe ruf na minti 15, kar ki riƙa buɗewa kina juyawa.

Daɗin wannan abinci a mai da yaji yake. Ki yanka albasar Galmi manya 2 siriri, ki soya a man gyaɗa kofi ɗaya a wuta matsakaiciya har ta yi ruwan zuma, ki sauke tun ba ta kai yadda kike so ba, zafin man zai ƙarasa ta. In ta yi baƙi, man duka ya ɗauki ɗaci. Yajin kuwa ƙuli-ƙuli kofi ɗaya, tonka cokali ɗaya, tattasai cokali 2, citta, gishiri da magi, a daka a turmi busasshe a tankaɗe. A kwalba mai murfi yana yin makonni.

Dambu ba ya cin kuɗi, amma yana son madambaci mai kyau. Ki wanke tsakin masara ko na shinkafa kofi 4, ki tsane shi minti 15, ki zuba a madambaci bayan ruwan ƙasa ya tafasa. In tururi yana fita ta mahaɗin tukunya, ki naɗe wurin da tsumman da kika shafa wa damammen gari, in ba haka ba za ki ƙone itace tsakin yana nan ɗanye. Bayan minti 20 ki juye a roba, ki yayyafa ruwa kofi ɗaya da gishiri, ki wargaza, ki haɗa da zogala da kika riga kika dafa kika matse, da albasa da dakakken tattasai, ki mayar ya ƙara minti 20. Busasshiyar zogala sai ta dahu sosai a zubar da ruwan farko, shi ke ɗauke ɗacin. Dambun da ke shaƙe mutum ruwan tsakiya ne bai ishe shi ba, wanda ya cure kuma ba a tsane shi ba tun farko. A ci da soyayyen mai da garin ƙuli-ƙuli.

Abin da ya rage kuma sai an yi hattara da shi, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin Tawa ke haura digiri 40, ga wutar lantarki tana iya ɗaukewa firigo ya huce. Miya ki sake tafasa ta kafin a kwanta, ki rufe, kar wani ya ƙara sa cokali a ciki. Tuwo ki raba shi malmala-malmala ya sha iska kafin ki rufe, da asuba ki yi ɗumame, ki bari tururi ya ratsa har tsakiyar kowace malmala. Shinkafa da wake ita ce mai saurin lalacewa. In ba firigo mai sanyi, ki auna daidai cikin gida, ragowar ki miƙa wa maƙwabta ko almajiri tun da zafinta. In da safe kin ga tana yauƙi ko tana tsami, ɗumamawa ba ta gyara ta, ki zubar.