Kafin ka sayi madubin saitin bindiga

Jama'a, masu wasan harbin auna bara daga nesa, ga shawara: kada yawan zuƙowa ya ruɗe ku. Madubi mai 5-25x, wato mai zuƙo abu daga ninki 5 zuwa ninki 25, ya isa. A zafin Maris da Afrilu na Kaduna, in ka murɗa shi zuwa 25, kawalwalniya ce za ta riƙa rawa a idonka, allon ma sai ya zama kamar yana cikin ruwa. Ni dai a 15 nake tsayawa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne maɓallin saiti, wanda ake murɗawa don gyara inda harsashi zai sauka. Ka tabbatar ma'auninsa ɗaya ne da na layukan cikin gilashin, MIL da MIL, ko MOA da MOA (ma'aunan kusurwa biyu ne da ake saiti da su). Na fi son MIL don lissafinsa babu ciwon kai: ƙyas ɗaya na murɗa maɓallin, wato MIL 0.1, santimita 1 ne a nisan mita 100. Ka gwada shi, ka murɗa sama ƙyas 20, ka dawo, ka ga ko harsashi ya koma inda yake.

Zoben ɗaura madubin a kan bindiga kuma kada a yi masa rowa. Da hunturu a rufe gilashi, kuma a fara hure ƙura kafin a goge. Lasisin bindiga dai sai an tabbatar yana hannu.