Kiran Suna a Makarantun Amurka: Inda Lissafin Fashin Ɗanka Yake Zuwa

Wanda ya sa ɗansa makarantar gwamnati a Amurka ba ya daɗewa bai gamu da kiran nan ba. Waya ta yi ƙara da hantsi, ka ɗauka, ka ji muryar na'ura tana sanar da kai cewa yau ba a ga yaronka a aji ba. Mu da muka taso inda malami zai kira suna, a amsa, ya rufe rajista ya jefa a durowa, mukan ɗauki abin da sauƙi. To, 'yan'uwa sababbin zuwa, a nan rajistar ba a aji take kwana ba.

Malami yana shigar da sunayen a kwamfuta, ofishin makaranta ya tantance, a tura wa hukumar ilimi ta gunduma, ita kuma ta miƙa wa ma'aikatar ilimi ta jiha, wasu alƙaluman har gwamnatin tarayya suke kaiwa. A firamare yawanci sau ɗaya ake kiran suna da safe. A sakandare kuwa, inda yara ke sauya aji da malami, kowane darasi da nasa kiran. Don haka yaro zai iya fita gida a kan lokaci, ya wuni a makaranta, amma a rubuta masa fashi a darasi ɗaya saboda ya tsaya hira a baranda.

Abin da ya sa suke bin lissafin nan sau da ƙafa, da farko dai kuɗi ne. Kowace jiha da yadda take raba wa gundumomi kuɗin makaranta. Kalifoniya da Teksas suna duba matsakaicin yawan yaran da suke zuwa a kowace rana, wato duk kujerar da ta wuni babu kowa a kanta, gunduma ta yi asara. A Kalifoniya, tun 1998, ko da yaro ya kawo uzuri karɓaɓɓe, ba a biyan gunduma kuɗin wannan rana. Mishigan kuma ranakun ƙidaya ta ware: Larabar farko ta watan Oktoba da Laraba ta biyu ta Fabrairu, kuma ƙidayar Oktoba ce ke ɗauke da kashi 90 cikin 100 na lissafin da ake raba kuɗin da shi. Idan kana can ka ga makaranta ta yi ta aiko da saƙo cewa don Allah kada yaro ya yi fashi ranar Laraba kaza, dalilin ke nan. Wasu jihohin da dama yawan waɗanda suka yi rajista suke dubawa, ba masu zuwa kullum ba. Ni ban ga laifin makarantun ba a wannan. Da kuɗin ake biyan malamin da ke koya wa 'ya'yanmu Turanci, da shi ake zuba mai a motar da ke ɗaukar su.

Amma inda na fi so a tsaya a fahimta shi ne, fashi iri biyu ne a takarda, sannan akwai lissafi na uku da ya haɗiye su duka.

Akwai fashi da uzuri: rashin lafiya, ganin likita, rasuwa a cikin iyali, ranar ibada. Sai dai uzuri ba ya zama uzuri don kawai gaskiya ne. Sai ka sanar da ofis, a rubuce ko ta hanyar da suka tsara, cikin 'yan kwanakin da gunduma ta ƙayyade. Yaro ya kwana da zazzaɓi, uwarsa ta raba dare tana jinya, amma ba wanda ya aika da takarda, to abin da kwamfuta ta sani shi ne fashi babu dalili. Wannan ya ci iyaye da yawa, masu kula da 'ya'yansu matuƙa, don kawai ba wanda ya gaya musu. Kuma kada ka ba yaro saƙon baki ya kai wa malami. Ka rubuta sunansa, ajinsa, kwanan wata, dalili, ka sa hannu, ka ɗauki hoton takardar a waya kafin ta bar gida. In kun je asibiti, ka nemi takardar likita da za ka kai makaranta kafin ku fito, sun saba bayarwa.

Fashi babu uzuri shi ne wanda doka ke bibiya, domin zuwa makaranta tilas ne: daga shekara 6 zuwa 18 a Kalifoniya, zuwa 19 a Teksas. A Kalifoniya sau uku kacal a shekara ya isa a sa yaro cikin jerin masu gudun makaranta, kuma makarar da ta wuce minti 30 babu dalili ana lissafa ta a ciki. A Teksas, kwana 10 ko sassan kwana 10 cikin wata shida na iya kai magana gaban kotu. Ohayo ma ba kwana take ƙirgawa ba, awa take ƙirgawa. Ba da kotu ake farawa ba: wasiƙa ce za ta zo, sai a gayyace ka zama. Ka je. Wanda ya je ya yi bayani, galibi a nan maganar take mutuwa, wani lokacin ma a taimaka masa da abin da ya hana yaron zuwa, ko motar makaranta ce ko wani yaro ne ke cin zalinsa. Wanda ya jefa wasiƙar cikin tarin takardun talla shi ne yake wahala.

Lissafi na uku shi ne yawan fashi, kuma shi ba ruwansa da uzuri. Duk yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, ko da kowace rana da takardar likita, ya shiga wannan sahu. Shekarar karatu a yawancin jihohi kwana 180 ce ko kusa da haka, ke nan kwana 18, wato kwana biyu a wata. Kwana biyu a wata ba ya yi wa uba kama da komai, sai an tara. Tun dokar ilimi ta tarayya da Shugaba Obama ya sa wa hannu a Disambar 2015 jihohi ke bayar da rahoton wannan adadi, kuma akasarinsu suna sa shi cikin abubuwan da suke auna ingancin makaranta da su. Bayan annobar korona adadin ya kusa ninkawa a faɗin ƙasar, shi ya sa yanzu makarantu suka ƙara matsawa.

Sai babbar matsalarmu, tafiya gida. Tikiti ya fi araha a lokacin da ake karatu, ga bikin ƙanwa, ga tsohuwa tana son ganin jikokinta, sai mutum ya kwashi yara wata guda. Na san nauyin zumunci, ba kuma zan ce a yar da shi ba. Amma gundumomi da yawa ba sa ɗaukar ziyara a matsayin uzuri, wasu kuma in yaro ya jera kwanaki ba a gan shi ba sai su cire sunansa, ka dawo ka tarar sai an sake rajista, wataƙila gurbinsa a makarantar ya tafi. Ga ɗan sakandare abin ya fi muni: a Teksas sai ɗalibi ya halarci kashi 90 cikin 100 na darasi kafin a ba shi makinsa kai tsaye, ko da ya ci jarrabawa. In da hali a bari sai dogon hutu, daga Yuni zuwa Agusta. In rasuwa ce ko wata larura, ka ga shugaban makaranta kafin ku tashi, ka tambaya ko akwai tsarin ba yaro aiki ya tafi da shi; Kalifoniya tana da irinsa, kuma idan an cika sharuɗɗa ana lissafa kwanakin kamar ya zo.

Sallah kuwa, birnin Niyu Yok yana rufe makarantunsa ranar Ƙaramar Sallah da Babba tun shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016. Inda ba a rufewa, ka rubuta tun kafin ranar cewa ta ibada ce. Dokar Teksas ma ta ambaci ranakun addini a fili cikin uzurin da dole a karɓa.

Ka nemi ofis su buɗe maka shafin iyaye a manhajar da gundumarku ke amfani da ita, ko PowerSchool ce ko Infinite Campus ko wata, ka riƙa leƙawa duk mako. Malamai na kuskure, musamman in malamin wucin gadi ne ya riƙe ajin kuma sunan yaron ya yi masa wuyar faɗa, kuma gyaran ya fi sauƙi a makon da abin ya faru. In Turanci bai zauna maka ba tukuna, ka ce a samo maka tafinta. Haƙƙinka ne a dokar ƙasar, kyauta ne, kuma ko babu mai jin Hausa a makarantar suna iya haɗa ka da shi ta waya. Kada ka yarda a sa ɗanka ya yi maka tafinta a zaman da ake yi a kan fashinsa.