Yadda Ake Koya wa 'Yan Kolej Nazarin Waƙa da Gane Muryar Mawaƙi

Yaron da ya tashi a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, ya san habaici tun kafin ya shiga kolej, wato ƙaramar sakandare. Idan gwaggonsa ta same shi kwance da hantsi ta ce "sannu da aiki", ba sai an fassara masa ba. Amma a rubuta masa waƙa a allo, a tambaye shi da wace murya mawaƙin ke magana, sai ya yi zuru. Kunnen yana da shi. Abin da bai iya ba shi ne ɗora yatsa kan kalmar da ta sa ya ji haka. Kan wannan aka gina darasin nan na awa guda, kuma ya dace da 'yan ajin farko har zuwa masu shirin BEPC, jarrabawar kammala kolej.

Ka zaɓi waƙa gajera, ɗango 8 zuwa 14, wadda muryarta ke juyawa a wani wuri. Ka rubuta ta a allo kafin a shigo, ka sa wa kowane ɗango lamba. Inda littattafai ba su wadata ba, kwafa kaɗai na iya cinye sulusin awa.

Minti biyar na farko kada ka taɓa waƙar. Ka kira yara uku su faɗi "ka kyauta": ɗaya da godiya, ɗaya da fushi, ɗaya da ba'a. Aji ya faɗi wanne ne wanne. Sannan ka tambaye su: to a takarda, inda ba fuska ba amo, yaya za a gane?

Daga nan ka karanta waƙar sau biyu. Karatun farko ya zama a miƙe, ba karya murya, ba girgiza kai. Malamin da ya sa kuka a muryarsa tun farko ya riga ya ba da amsa, yara kuma malamin suka karanta, ba waƙar ba. Ka bayyana kalmomi masu wuya, kada su wuce biyar. In sun wuce, waƙar ta fi ƙarfin ajin. Sai tambayoyi uku, amsa a jimla guda guda: wa ke magana, da wa yake yi, kan me?

Zuciyar darasin ita ce minti ashirin da ke biye. Ka fara da baitin Hausa ko da darasin na Faransanci ne:

Sannu gwanin noma, sarkin aiki,
Gonarka ta fi ta kowa ciyawa.

Ka rufe ɗango na biyu da hannu, ka tambaya. Kowa zai ce yabo ne, hujja kuwa "gwani" da "sarki". Ka ɗauke hannu. Kalma guda, "ciyawa", ta rushe yabon ta mayar da shi zambo. A ja layi da farin alli ƙarƙashin kalmomin yabo, a zagaye wadda ta juya maganar da jan alli. Haka dila ya yi wa hankaka a tatsuniyar La Fontaine, mawaƙin Faransa, ta 1668, ya yabi muryarsa don ya buɗe baki cuku ya faɗo. Yaron da ya gane baitin gona ba zai ɗauki kirarin dila da gaske ba.

Sai baiti na biyu, mai wuyar kamawa:

Tabarmarka na nan inda ka bar ta,
Butarka ba wanda ya taɓa.

Babu "mutuwa", babu "hawaye". Amma yara za su ce kewa ce, kuma sun yi daidai. A nan ake matsa musu: me ya gaya muku? Ana so su kai ga kayan da mai su ba ya nan, da "ka bar ta", da yadda ake magana da wanda ba zai amsa ba.

Yanzu su koma waƙar allo, benci benci. Su nemi kalmomin da ke ɗauke da motsin rai, da abin da aka maimaita, da kalmomin juyi irin "amma", "ashe", "sai dai", ko mais da pourtant a Faransanci. Ka bar su su tattauna da Hausa ko Fulatanci, ko Larabcin Shuwa a wajen Kusiri. Rubutun amsa ne zai zama da harshen jarrabawa. Kowane benci ya cika wannan: "Mai magana yana magana cikin ..., domin a ɗango na ... ya ce ...". Amsar da ba ta da lambar ɗango ba a karɓa, ko da daidai ce.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa jigo da murya. Yaro zai ce muryar waƙar "talauci", alhali talauci shi ne abin da ake magana a kai, kuma ana iya yin maganarsa da raha, da fushi, ko da haƙuri. Maganinsa tambaya ɗaya: na ji kan me, amma yaya ya faɗa? Wasu kuma ba su da kalma sai "murna" da "baƙin ciki". Ka ajiye jeri a gefen allo har ƙarshen zango: bege, kewa, gargaɗi, nadama, alfahari, zambo, roƙo, izgili, mamaki. Akwai kuma masu faɗin abin da su suka ji, "ta ba ni tausayi", a madadin halin mai magana.

In benci biyu suka saɓa, ɗaya ya ce gargaɗi ɗaya ya ce fushi, kada ka yi saurin yanke hukunci. Kowa ya karanta ɗangon da muryar da yake da'awa, aji ya ji wadda ta zauna.

Aikin gida: su ɗauki baitin gona su canza kalma ɗaya tak don ya koma yabo na gaske. Wajen gyara, ka ba sunan murya maki 2, hujja daga ɗango maki 3.