Kafin ka sayar da tsohuwar motar dizal mai matsalar waya

Kar ka yarda a sake mata wayarin gaba ɗaya. Kuɗin ba zai dawo ba, dillali ba ya ƙara ko sisi saboda sabuwar waya.

Kai ta wurin mai rewaya, ka ce ya fara da kakkaurar wayar nan da ke haɗa batir da jikin mota. A kwance ta, a kankare tsatsa da farin garin da ke taruwa a kan batir, a ɗaure tam. Sai a duba fis-fis. Kik ɗin dizal na jan wuta sosai, ga hitar da ke ɗumama injin kafin ya tashi, shi ya sa ɗan sakin waya kaɗai kan hana ta tashi, balle da sanyin safiyar hunturun Bauchi.

Bayan gyaran, ka ce mai saye ya zo da safe, injin a sanyaye, ya tayar da kansa. Wannan ya fi rantsuwa goma.

Amma in kana jin ƙaurin roba, ko ɓera ya ci wayoyin, ko an cika su da salatif, dabarar nan ba ta ci. Faɗa wa mai saye aibin ƙarara, ka rage kuɗi. Masu neman injin kaɗai ma suna nan, su waya ba ta dame su ba.