Tsutsar zuciya a karen pug da aka bar maka: yadda za ka kare shi, da yadda ake magani

Karen pug asalinsa daga ƙasar Sin yake, ɗan guntu mai lotsattsen hanci, nauyinsa kilo 6 zuwa 8. Wadda ke gidana a unguwar Yantala ta birnin Yamai wani baƙo ne ya bar wa mai gadinsa da zai koma ƙasarsu, mai gadin ya rasa yadda zai yi da ita, na karɓe ta ba takardar allura ko ɗaya. Duk wanda irin wannan kare ya shigo hannunsa, amana ce ya ɗauka, kuma ciwon da nake so ya fara tunani a kai shi ne tsutsar zuciya.

Sauro ke kawo ta. Ya ciji kare mai ɗauke da ita, ya kwashi ƙananan 'ya'yanta a jini, su yi kamar mako biyu a cikinsa, sannan ya zuba wa wani kare. Sai bayan wata 6 zuwa 7 suke girma, su zauna a jijiyoyin huhu da ɓangaren dama na zuciya. Macen tana kai santimita 30, kuma tana iya rayuwa shekara 5 zuwa 7. Mu kuwa sauro ba baƙonmu ba ne. Daga Yuni zuwa Satumba ba a magana, amma wanda ke kusa da kogi ko gonakin shinkafar Saga da Kirkisoy ya san har da rani yana nan.

Abin da ya sa na fi jin tsoronta ga pug shi ne, alamominta na farko tari ne da saurin gajiya da haki. Shi kuwa pug ko lafiyarsa ƙalau yana minshari, yana haki, zafin watan Afirilu na kwantar da shi. Sai mai shi ya ce ai halinsa ne, har ciki ya kumbura da ruwa. Kada ka jira alama.

A makon farko ka kai shi wurin likitan dabbobi, ka ce gwajin jini na tsutsar zuciya kake so, Dirofilaria immitis a bakin likitoci. Gwaji biyu ne: ɗaya na neman alamar manyan tsutsotsi mata, ɗaya na duba 'ya'yan a madubin likita. Ko sakamako ya fito ba komi, a sake bayan wata 6, domin tsutsar da ba ta balaga ba gwaji bai ganinta. Ɗan kwikwiyo ƙasa da wata 7 ne kaɗai ake fara wa rigakafi ba tare da gwaji ba.

Idan jininsa tsaf ne, rigakafi sau ɗaya a wata, shekara zagaye, ba da damina kawai ba. Akwai ƙwayar taunawa mai ivermectin ko milbemycin, akwai na ɗigawa a ƙeya mai moxidectin ko selamectin. Ni ranar ɗaya ga wata nake ba tawa, na rubuta a kalanda. Maganin tsutsar ciki na yau da kullum bai taɓa wannan tsutsa.

Ina roƙon ku, 'yan'uwa, kada a taɓa ba shi ivermectin ɗin allurar tumaki da shanu da ake saye a kasuwa. Rigakafin kare mikrogaram 6 ne a kowane kilo (mikrogaram dubu ne miligaram ɗaya), ruwan allurar bisashe kuwa miligaram 10 ne a kowane mililita. Pug mai kilo 7 abin da yake bukata bai kai ɗigo guda ba, babu sirinjin gida da zai auna shi daidai. Sannan idan jinin kare cike yake da 'ya'yan tsutsa aka ba shi maganin da ka, mutuwarsu a lokaci ɗaya tana iya kayar da shi nan take.

Da magariba a shigar da shi ɗaki ko cikin sange, a zubar da ruwan da ya kwanta a tsakar gida. Man sauro na mutane ba a shafa wa kare. Akwai na karnuka mai permethrin, amma guba ne ga kyanwa, mai mage a gida ya kiyaye.

Idan gwaji ya nuna tana nan, aikin likita ne, kuma zai ɗauki watanni. Tsarin da ƙungiyar masana tsutsar zuciya ta Amurka ta shimfiɗa shi ne a fara da rigakafin wata-wata, kashin farko a gaban likita, tare da doxycycline miligaram 10 a kowane kilo, safe da yamma, kwana 28. Doxycycline ɗin ke kashe wata ƙwayar cuta mai suna Wolbachia da tsutsar ke rayuwa da ita, sai ta raunana. A rana ta 60 a yi allurar melarsomine ta farko, mai kashe manyan tsutsotsin, a naman gadon baya, ta biyu a rana ta 90, ta uku washegari. Wata 9 bayan ta ƙarshe a sake gwaji. Inda ba a samu melarsomine ba, likita na iya haɗa moxidectin da doxycycline, sai dai yana iya cin shekara ko fiye, tsutsar na ci gaba da ɓarna.

Rabon mai kare a nan shi ne hana shi motsi, kuma shi ya fi wuya. Tsutsar da ta mutu gutsuttsurewa take yi, jini ya kai ta huhu. Kare ya yi gudu ko tsalle, gutsuren ya toshe jijiya, yana iya mutuwa. Tun ranar da aka gano ciwon har mako 6 zuwa 8 bayan allura ta ƙarshe, keji ko ƙaramin ɗaki ne wurinsa. Fita sai bahaya, da igiyar ƙirji ba ta wuya ba. A ja wa yaran gida kunne sosai, su ne ke tada shi wasa. A rage masa abinci kaɗan don pug akwai saurin ƙiba, ɗakin kuma ya kasance mai fanka da ruwan sha, saboda zafi kaɗai na iya halaka shi. Ka ga tari mai jini, ko dasashi ya yi fari, ko fitsari ya yi duhu, ko numfashi na sarƙewa, ka ɗauke shi zuwa wurin likita a lokacin, ko da tsakar dare ne.