Darasi na 7: Wa ke Ba Wa Umarni a Gidan Ɗinki na Dior

A wannan darasi za mu karanta yadda aka tsara shugabanci a wani babban gidan ɗinkin kayan alfarma da ke birnin Paris na ƙasar Faransa. Malami zai fara karantawa da ƙarfi, sannan kowa ya karanta sakin layi ɗaya.

Christian Dior ya buɗe gidan a shekarar 1946, a lamba 30, titin Montaigne. Gwanin zana tufafi ne, amma ba shi da jari. Wani attajiri mai masaƙu, Marcel Boussac, shi ya zuba kuɗin, aka kuma ɗauko Jacques Rouët ya riƙe harkar ciniki da lissafi. Ke nan tun ranar farko aiki ya kasu biyu: mai kula da kuɗi daban, mai kula da zane daban. Har yau a kan haka gidan yake tafiya.

Mu fara daga sama. Yanzu Dior ɗaya ne cikin gidaje sama da 70 na rukunin kamfanonin LVMH, wanda aka kafa a 1987. Masu hannun jari su ke zaɓar hukumar daraktoci, kuma Bernard Arnault ke shugabantar rukunin tun 1989. Ba ya zane, ba ya ɗinki. Aikinsa shi ne duba inda za a zuba jari da kuma wanda za a damƙa wa kowane gida.

A ƙarƙashinsa kowane gida yana da nasa shugaban. A Dior, 'yarsa Delphine Arnault ce ke riƙe da wannan kujera tun 2023. Masu lissafin kuɗi, masu talla, masu ɗaukar ma'aikata da masu kula da kantuna duk ita suke kai wa rahoto. Kusa da ita akwai shugaban zane, wanda ke yanke irin launi, yadi da yankan da za a fito da shi a bana. Shugabar gida ce ke sa hannu a kan kuɗin da zai kashe, amma ba ita za ta ce a ƙara tsawon siket ba. Wannan kujera ta zane tana sauya hannu. Da Dior ya rasu a 1957, Yves Saint Laurent ya gaje shi yana ɗan shekara 21. Maria Grazia Chiuri ta zama mace ta farko da ta riƙe ta a 2016, sai Jonathan Anderson ya karɓa a 2025.

Yanzu mu shiga ɗakin ɗinki, domin a nan ne darasin ya fi shafar mai sana'a. Ɗakunan iri biyu ne. Ɗaya na riguna masu laushi da ke zuba a jiki, irin na siliki. Ɗayan na kwat da sauran kaya masu tsayayyen yanka. Kowane ɗaki yana da shugaba, sau da yawa mace wadda ta daɗe tana riƙe allura.

Ku lura da wannan mata sosai. Shugaban zane yana miƙa mata takarda ne kawai da hoton riga a kai. Ita za ta duba, ta gane inda almakashi zai bi, ta zaɓi telan da hannunsa ya dace da aikin. Ba a taɓa yadi mai tsada tukuna. Sai an fara ɗinka rigar da farin yadi mai araha, a sa wa mai gwaji, shugaban zane ya gani. Idan kafaɗa ta yi faɗi, a soka fil, a ja layi da alli, a mayar ɗaki a gyara. Bayan ya amince ne ake yanka yadin gaske. Idan zanen ba zai ɗinku ba, ita ce ke da bakin faɗa masa, kuma gida mai hankali yana sauraronta. A zamanin Dior kansa, Marguerite Carré ce ke kula da ɗakunan ɗinkin gaba ɗaya.

Ƙarƙashin shugabar akwai mataimakiya, sai manyan teloli, sai masu bi musu, sai masu koyo. Mai koyo ba ya tsallake na gabansa ya kai ƙorafi sama. Wannan ba wulaƙanci ba ne. Yawancin aikin da hannu ake yi, riga ɗaya kan ci ɗaruruwan awoyi, kuma dole kaya su kammala kafin nunin sababbin kaya na watan Janairu da na Yuli. Idan mutum biyu suka ba tela ɗaya umarni mabambanta, yadi ne zai lalace.

A kanti kuma akwai manaja da masu sayarwa. Abin da masu saye suka yaba ko suka kushe, ta bakinsu yake komawa sama.

Aikin aji

1. Wa ya ba Christian Dior jari, kuma a wace shekara aka buɗe gidan?

2. Me ya sa ake fara ɗinka riga da farin yadi mai araha?

3. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: jari, hukuma, shugaba, mataimakiya, rahoto.

4. Ɗauki takarda ka zana tsarin wani shagon ɗinki da ka sani. Rubuta mai shago a sama, masu koyo a ƙasa, ka ja layi daga kowa zuwa wanda ke ba shi umarni. Sa alama a kan mai karɓar kuɗi da mai yanka yadi. Ka kawo takardar aji na gaba mu duba tare.