Yadda za ka ba da labarin 'yan ƙwallon Aljeriya na 1958 ba tare da ka rage masa nauyi ba

Duk sanda Aljeriya ta yi wani babban wasa sai ka ga an sake tono labarin nan na 'yan wasan da suka sulale daga Faransa lokacin yaƙin neman 'yanci, kuma gaskiya ina jin daɗin hakan, abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kawai shi ne yadda ake ba da shi. Layi uku, wai sun gudu, sun haɗa tim, sun yi ta cin wasa, shikenan. Wallahi wannan labari ya fi ƙarfin haka. In kana son ka rubuta shi ko ka yi bidiyo ko ka ba wa yara a baka, ga yadda nake ganin ya kamata ka bi da shi.

Kar ka fara da ƙwallo tukuna. Fara da garin Setif na Aljeriya, ranar 8 ga Mayu 1945, ranar da Turai ke murnar gama yaƙin duniya na biyu, 'yan Aljeriya suka fito zanga-zanga da tutarsu, rikici ya ɓarke, aka kashe Turawa kimanin 100, daga nan sojojin Faransa da 'yan sa-kai suka yi makonni suna ramuwa har suka kashe dubban mutane. A garin nan akwai wani yaro ɗan shekara 8 mai suna Rachid Mekhloufi. Ka sa mai sauraronka ya riƙe sunan yaron nan, don shi zai ja labarin har ƙarshe. Sannan ka faɗi abin da mutane da yawa ba su gane ba, Faransa tun 1830 take Aljeriya kuma ba ta ma ɗauke ta a matsayin ƙasar da take mulka ba, a dokarta Aljeriya wani yanki ne na Faransa kanta. Shi ya sa da ƙungiyar FLN mai fafutukar neman 'yancin Aljeriya ta ɗau makami ranar 1 ga Nuwamba 1954 gwamnatin Faransa ta ƙi kiran abin yaƙi, sai a 1999 majalisarsu ta amince da wannan suna a hukumance. In ba ka shimfiɗa wannan ba, mai sauraro ba zai gane me ya sa mutum 11 sanye da rigar ƙasar da aka ce babu ita suka zama barazana ba.

Daga nan sai ka zauna ka ƙirga abin da kowannensu ya bari, kuma nan ne nake so ka daɗe, kar ka yi sauri. Mekhloufi a 1958 shekararsa 21, ya riga ya ci gasar lig ta Faransa da Saint-Étienne a 1957, ya riga ya buga wa Faransa, sunansa na cikin waɗanda ake shirin zaɓa zuwa gasar cin kofin duniya a Suwidin wadda saura wata biyu a fara. Ga shi kuma yana cikin aikin soja na dole, ma'ana ranar da ya tsallaka iyaka doka ta ɗauke shi sojan da ya tsere daga bakin aiki, kotun soja ke jiransa in an kama shi. Mustapha Zitouni ɗan bayan Monaco shi ma yana cikin jerin na Suwidin, kuma shi kam ana ganin da shi za a fara wasa. Abdelaziz Ben Tifour ya riga ya je kofin duniya na 1954 da rigar Faransa. Akwai gola Abderrahmane Boubekeur da Kaddour Bekhloufi su ma daga Monaco, Abdelhamid Kermali daga Lyon, Abdelhamid Bouchouk da Saïd Brahimi daga Toulouse, Amar Rouaï daga Angers. Mutanen nan suna da albashi, suna da gida, wasu da iyali, 'yan kallo na kiran sunansu duk ƙarshen mako. Ka gaya wa mai sauraro cewa Faransa ta je Suwidin ɗin ta zo ta uku, Just Fontaine ya ci ƙwallo 13 a gasa ɗaya, tarihin da har yau ba a karya ba, sannan ka bar shi ya yi tunanin ɗan shekara 21 da yake jin sakamakon daga Tunis alhali da yana cikin filin. Kar ka fassara masa, zai gane da kansa.

(Wani ɗan abu da zai taimake ka, in za ka nemi hotunansu ko tsofaffin bidiyo a intanet to ka rubuta sunayen yadda na rubuta su ɗin nan da salon Faransanci, don haka suke a jaridun lokacin, in ka rubuta Rashid Makhlufi ba lallai ka samu abin kirki ba.)

Sai tafiyar kanta. Nan ne masu ba da labari ke son ƙara gishiri kamar fim, kai kar ka ƙara, abin da ya faru ya isa. Mohamed Boumezrag, tsohon ɗan wasa ne kuma koci, shi ya yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya a asirce. A tsakiyar Afrilu 1958, bayan wasannin ƙarshen mako, suka fice rukuni-rukuni, wasu ta iyakar Italiya wasu ta Suwizalan, har suka haɗu a Tunis. Mekhloufi ya ji rauni a kai a wasan da suka yi da Béziers, daga asibiti aka ɗauko shi. Kuma lokacin da aka zaɓa ba na banza ba ne, ranar 16 ga watan Faransa na da wasan sada zumunta da Suwizalan na shirin kofin duniya, sai aka nemi Zitouni da Mekhloufi aka rasa, jaridu suka ɗauka, mutumin da bai taɓa damuwa da abin da ke faruwa a tsaunukan Aljeriya ba amma yana son ƙwallo dole ya tambayi kansa me zai sa wanda ba abin da ya rasa ya tafi. Don Allah ka ambaci waɗanda ba su tsira ba, Hassen Chabri da Mohamed Maouche na Reims an kama su sun sha ɗauri, Maouche sai daga baya a 1960 ya samu ya fita ya haɗu da sauran.

Yanzu ka bayyana me FLN ke nema da ƙwallo, don wani zai ce ana yaƙi mutane na mutuwa wa ke ta wasa. Amsar tana cikin kwanan wata. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Aljeriya, wadda Ferhat Abbas ya shugabanta, sai a watan Satumba 1958 aka kafa ta, kenan tim ɗin ta girmi gwamnatin da wata biyar. Ƙa'idarsu ita ce a ɗaga tutar Aljeriya a sa taken ƙasa kafin a take leda, a lokacin da riƙe wannan tuta a cikin Aljeriya laifi ne. Sun zaga Tunisiya, Maroko, Libiya, Iraƙi, Jodan, ƙasashen gabashin Turai, Tarayyar Sobiyet, Sin, har Biyetnam ta Arewa inda suka gana da shugabanta Ho Chi Minh. Duk filin da suka shiga dubban mutane sun tashi tsaye wa ƙasar da ba ta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. FIFA kuwa, bayan ƙorafin hukumar ƙwallon Faransa, ta dakatar da 'yan wasan ta kuma yi barazanar hukunta duk wanda ya kara da su, shi ya sa za ka ga ƙasashen da suka karɓe su kusan duk na Larabawa ne da na 'yan gurguzu. In wani ya ce maka ai ba a haɗa wasa da siyasa, tambaye shi hukuncin FIFA ɗin nan ɓangaren wa ya amfana.

Akwai ɓangaren da ake yawan tsallakewa kuma ni ina ganin rashin adalci ne ga tarihi, filin wasa bai kuɓuta daga jinin yaƙin nan ba. Tun 1956 FLN ta umarci kulob-kulob ɗin Musulmi a cikin Aljeriya su janye daga gasannin da Faransa ke shiryawa. A Fabrairu 1957 bama-bamai sun tashi a filayen wasa biyu a Aljas, babban birnin Aljeriya, 'yan kallo suka mutu. A watan Mayun shekarar, bayan wasan ƙarshe na kofin Faransa a Colombes, kusa da Paris, wanda shugaban Faransa René Coty ya halarta, wani ɗan FLN ya harbe Ali Chekkal, ɗan siyasar Aljeriya mai goyon bayan Faransa, kuma Bouchouk da Brahimi suna cikin 'yan Toulouse da suka ɗau kofin a ranar. Sojojin Faransa a nasu ɓangaren suna ta azabtar da fursunoni a Aljas ɗin a daidai wannan lokaci, suna ɓatar da mutane. Ka faɗi duka. Ni ina tare da masu neman 'yanci ɗari bisa ɗari, amma ɗan kallon da bam ya kashe shi ma ɗan wani ne, kuma mai sauraro in ya gano ka ɓoye masa wannan zai daina yarda da sauran.

In kana son kwatance don mutane su ga abin bai tsaya ga Aljeriya ba, ɗauko ɗaya kawai ka wuce, kar ka cika. Mafi kusa a lokaci shi ne na Hangari, jama'a sun tashi ranar 23 ga Oktoba 1956, tankokin Sobiyet suka murƙushe su daga 4 ga Nuwamba, sai ga ƙasashen biyu sun haɗu a ƙwallon cikin ruwa a gasar Olamfik ta Melbon ranar 6 ga Disamba, Hangari ta ci 4-0, Ervin Zádor ya fito daga ruwa jini na zuba ta gefen idonsa bayan naushin da ɗan Sobiyet ya kai masa, suka ci zinare, shi kuma bai koma gida ba. Bambancin da za ka nuna shi ne can fushi ne na rana ɗaya a gaban duniya, na Aljeriya kuwa haƙuri ne na shekara 4 ba kulob ba kofi, shekarun da ɗan ƙwallo ya fi ƙarfi a rayuwarsa.

Wajen rufewa kar ka tsaya a 5 ga Yuli 1962 da aka samu 'yanci, bi mutanen ka ga inda suka ƙare. Mekhloufi ya fara zuwa Servette ta Janiba, sannan ya koma Saint-Étienne ɗin da ya bari, ya sake cin lig da su a 1964 da 1967 da 1968, a wasan ƙarshe na kofin Faransa na 1968 shi ya ci ƙwallo biyun da suka doke Bordeaux da su, a matsayinsa na kyaftin ya karɓi kofin daga hannun shugaban Faransa na lokacin, Janar de Gaulle. A 1975 shi ne kocin Aljeriya da ta doke Faransa 3-2 a wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Bahar Rum a Aljas, yana kuma cikin masu horarwa a 1982 da aka doke Jamus ta Yamma 2-1 a Sifen. Ya rasu a Nuwamba 2024, Allah ya jiƙansa. Kermali kuwa shi ya ja Aljeriya ta ɗau kofin Afirka karo na farko a tarihinta a 1990, suka ci Najeriya 1-0 a wasan ƙarshe, kuma wanda ya jefa ƙwallon shi ne Chérif Oudjani, ɗan Ahmed Oudjani na Lens wanda shi ma ya bar Faransa ya sa rigar FLN.